Tabon ganyen tumatir: yunwa ce, cuta ce ko ƙwaro?

Da zarar tabo ya bayyana a ganyen tumatir, abin da ke fara zuwa zuciyar yawancin manomanmu shi ne feshi. Daga lambunan Kadawa, Kura da Garun Malam masu shan ruwan madatsar Tiga, har zuwa sababbin rumfunan leda da ake kafawa a kewayen Kano, Jos da Abuja, ɗabi'ar ɗaya ce: a tsinki ganye, a nufi shagon maganin ƙwari, mai shago ya miƙo kwalba. Wani kuma yana ganin ganye ya yi rawaya sai ya ƙara yuriya. Sau da yawa kuɗin ya tafi, tabon kuma yana nan, domin abubuwa huɗu mabambanta ne ke ɓata ganye: ƙarancin abinci, cuta, ƙwari, da kuskuren ban ruwa ko sa taki. Kowannensu da maganinsa, kuma maganin wani yakan tsananta wani.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ganye shi ne fuskar shuka, kuma wanda ya iya karanta shi zai gane abin da ke faruwa a cikin saiwa tun kafin asara ta yi nisa.

Tambaya ta farko: wane ganye ne ya fara?

Masana sun lissafa sinadarai 17 da shuka ba ta rayuwa sai da su. Uku tana samun su daga iska da ruwa, sauran 14 kuwa saiwa ce ke zuƙo su daga ƙasa. Tun a shekarar 1828 masanin Jamus Carl Sprengel ya nuna cewa sinadarin da ya fi ƙaranci shi ke taƙaita girman shuka, komai yawan sauran, kuma Justus von Liebig ya yaɗa wannan ƙa'ida bayansa. Ma'anarta ga manomi ita ce buhu goma na yuriya ba za su gyara shukar da magnisiyam take nema ba.

Wasu daga cikin sinadaran nan suna iya yawo a jikin shuka. Idan naitirojin, fosfaras, fotasiyam ko magnisiyam suka yi ƙaranci, shuka takan janye su daga tsofaffin ganyaye ta tura wa sabon toho. Shi ya sa alamar rashinsu ke fara fitowa a ganyen ƙasa. Kalsiyam da sinadarin ƙarfe da boron kuwa, inda suka zauna nan suke tsayawa, don haka sabon ganyen sama ne ke fara nuna rashinsu. Wannan bambanci kaɗai ya raba matsalar gida biyu.

Idan ganyen ƙasa ya koma rawaya gaba ɗayansa, har da jijiyoyinsa, shukar kuma ta tsumbure, naitirojin ne ya gaza. Idan jijiyoyin sun tsaya kore amma tsakaninsu ya yi rawaya, daga baya tabo mai ruwan ƙasa ya biyo, wannan magnisiyam ne, sinadarin da ke zaune a tsakiyar ƙwayar da ke ba ganye korensa. Rashin fotasiyam yakan bi gefen ganye ya ƙone shi ya bar tsakiya. Rashin fosfaras yakan sa ganye ya yi duhu, bayansa ya ɗauki launin shunayya, musamman a tsananin sanyin hunturu lokacin da saiwa ke kasa aiki sosai. Idan kuwa rawayar tsakanin jijiyoyi a sabon toho ta bayyana, sinadarin ƙarfe ake zargi.

Akwai taki amma shuka na jin yunwa

A nan ne masu rumfar leda da masu shuka a buhu ko bokiti suka fi faɗawa tarko. Sau da yawa abincin yana cikin ƙasa, saiwa ce ta kasa ɗauka. Tumatir ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, tsakanin 6.0 da 6.8 a ma'aunin pH. Idan ƙasa ko ruwan ban ta ya karkata zuwa ɓangaren kanwa, ya haura 7.5, sinadarin ƙarfe yakan ƙulle ya ƙi narkewa. Idan ta yi tsami da yawa, kalsiyam da magnisiyam da fosfaras ne ke wahalar samuwa. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu wurare yana ɗauke da gishiri, kuma tunda ruwan sama ba ya shiga rumfa ya wanke ƙasa, gishirin yakan taru a hankali.

Yawan taki ma yana haifar da alamar yunwa. Fotasiyam idan ya yi yawa yakan hana saiwa ɗaukar magnisiyam. Takin da ya wuce kima yakan ƙona bakin ganye, ya sa shuka ta yi yaushi ko da ƙasa na da danshi, domin gishirin takin yana hana ruwa shiga saiwa. Manomin da ya ga haka ya ƙara kamfa ya ƙara wa kansa asara. Abin da ya dace shi ne a kwarara ruwa mai tsabta har ya tsiyaye ta ƙasan mazubin, sannan a rage yawan takin.

Baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir shi ma na wannan rukuni ne. Mutane da yawa sun ɗauke shi ruɓar cuta. Asalinsa kalsiyam ne bai isa ɗan ba, kuma kalsiyam a cikin ruwa yake tafiya. Idan yau an cika ban ruwa, gobe an bar ƙasa ta bushe, isarsa takan katse. Daidaita ban ruwa ya fi kowane feshi amfani a kansa.

Yadda tabon cuta ya bambanta

Alamar yunwa tana da tsari. Takan fito iri ɗaya a ɓangarori biyu na ganye, ta kama shuke-shuke da yawa lokaci guda a ganyaye masu tsara ɗaya. Cuta kuwa takan fara daga wuri guda, ta yi ta yaɗuwa daga shuka zuwa maƙwabciyarta, tabonta kuma a warwatse yake ba ya bin jijiya.

Funfunar da masana ke kira Alternaria tana yin tabo mai ruwan ƙasa da zobe cikin zobe, sau da yawa da rawaya a kewaye, daga ganyen ƙasa zuwa sama. Septoria tana yin ƙananan tabo masu yawa, tsakiyarsu toka-toka, bakinsu duhu, da ɗigon baƙi a ciki. Tabon bakteriyar Xanthomonas yakan fara kamar an ɗiga wa ganye mai, sannan ya yi baƙi, har a jikin 'ya'yan. Dukkansu suna son ganye mai jiƙa da iska mai danshi, wato yanayin rumfar da aka cunkusa shuka ba a bar mashigar iska ba. Cire ganyen da ya kamu a ƙone shi, ba da ruwa a gindi maimakon a ka, da sassauta tazara, su ne matakin farko. Maganin funfuna irin su mankozeb yana kare ganyen da bai kamu ba ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya mutu, kuma ba ya rage bakteriya yadda magani mai jan ƙarfe ke rage ta.

Idan sabon ganye ya ƙanƙance, ya naɗe sama, gefensa ya yi rawaya, fure kuma yana zubewa, a yi zargin bairas ɗin da farin ƙuda ke yaɗawa. Wannan ba shi da magani. Tuge shukar da yaƙar farin ƙudan ne kawai mafita.

A juya bayan ganye

Ƙwari da yawa a bayan ganye suke ɓuya. Ƙananan ɗigon fari ko rawaya kamar an tsira allura aikin jan gizon ganye ne, wanda ke bunƙasa a zafi da bushewar iska, yana barin siririyar yana. Faffaɗan farin tabo mai shara-shara da baƙin kashi a ciki kuwa aikin tsutsar Tuta absoluta ne, wadda manoman Kano ke kira Sharon. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, kuma a 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A cikin naman ganye take zama, don haka feshin da ke tsayawa a fatar ganye ba ya kai mata sosai, kuma maimaita magani iri ɗaya na sa ta saba da shi.

Kafin a kashe ko naira ɗaya, a duba wane ganye ne ya fara, tabon yana da tsari ko a warwatse yake, me ke bayan ganyen, da kuma abin da aka zuba wa shukar a makonni biyun da suka wuce. A tono saiwa ɗaya a gani: mai lafiya fara ce, wadda ruwa ya shaƙe takan yi ruwan ƙasa ta yi wari. Bayan an yi gyara, a sa ido kan sabon toho, domin tsohon ganyen da ya ƙone ba ya dawowa.

Idan alamar ta rikice, a kai cikakkiyar shuka da saiwarta wurin malamin gona, a kuma gwada ƙasa da ruwa. Hukumar KNARDA a Kano, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da reshen cibiyar NIHORT da ke Bagauda duk don irin wannan aiki aka kafa su. Ya kamata gwamnatocin jihohi su ƙara yawan malaman gona da kayan gwajin ƙasa a yankunan noman rani, manoma kuma su daina barin mai sayar da magani ya zama shi ne likitan gonarsu.