Kula Da Kwamfutar Tafi-Da-Gidanka A Ƙasar Zafi Da Ƙura

Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Ƙauran Namoda cikin shekarar 1983, babban kayan aikin kowane ofis a wannan yanki shi ne tafireta, sai injin gurza takardu da kabad na ajiye fayil. Tafireta ba ta neman wutar lantarki, ba ta kuwa jin zafin rana. In ta cije, akawu ya ɗiga mata mai, ya goge haƙoranta, ta ci gaba da aiki. A yau kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda samari ke kira laftof, ita ta gāji wannan aiki, tun daga sakatariyar ƙaramar hukuma a Zurmi, zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai a Ƙaura, har shagunan buga takardu na Shinkafi.

Dalilin yaɗuwarta ba ɓoyayye ba ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan a kan kwamfuta. Ɗalibin babbar difloma ba ya fita sai ya rubuta kundin bincikensa an buga. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da akawun albashi, kowa ana bukatar ya aika da rahotonsa a rubuce cikin na'ura. Amma fa sayenta ya yi nauyi. Bayan da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka ta tashi daga wajen N460 a farashin gwamnati har ta haura N1,500 cikin 2024, kuma galibin kwamfutoci daga waje ake shigo da su. Albashi mafi ƙanƙanta na N70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ya sayen ko ta hannu mai lafiya.

Bugu da ƙari, wanda tasa ta lalace a Zurmi ko Shinkafi, in matsalar ta wuce ta masu gyara na kusa, tilas ya nufi Gusau, wani lokaci ma sai Kano, inda ake samun kayan gyara a titin Beirut da kasuwar Farm Centre. Hanyoyin kuwa sun sha fama da 'yan bindiga cikin shekarun nan, ba tafiya ce da mutum zai yi da wasa ba. Saboda haka kulawar yau da kullum, wadda ba ta cin kuɗi, ita ce gyaran da ya fi sauƙi ga mutumin wannan yanki.

Ƙurar Hunturu Da Zafin Bazara

A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa wadda ke yin dukan lissafi, kuma duk sa'ad da take aiki zafi take fitarwa. Domin kada ta ƙone, maƙera sun ɗora mata bututun jan ƙarfe mai ɗauke zafin zuwa wasu siraran haƙora da ke gefe, sa'an nan ga wata ƙaramar fanka da ke zuƙo iska ta ƙofofin da ke ƙarƙashi tana hura haƙoran. Galibin kamfanoni sun ƙera na'urorinsu ne domin aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A arewacin Zamfara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, balle a ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da silin.

Abin da ke ƙara tsananta al'amarin shi ne yadda lokutan shekara suke jere. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga Hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Fanka ta yi ta zuƙar wannan ƙura wata uku ko huɗu, har ta daskare a bakin haƙoran nan kamar auduga. Mai kwamfuta ba ya lura, domin sanyin hunturu yana rufa asiri. Da bazara ta shigo sai a ji fanka tana kuka, ƙarƙashin na'ura ya yi zafi kamar dutsen guga, aiki ya yi ta jan ƙafa, daga nan ta riƙa mutuwa da kanta. Jan ƙafar nan dabara ce da aka gina mata, watau tana rage gudu domin ta tsira daga ƙonewa.

Ke nan lokacin da ya fi dacewa a kai ta shara shi ne ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kankama. Wanda ya san aikin zai buɗe murfin ƙasa, ya riƙe fankar da yatsa, ya share ƙurar da burushi mai laushi, in ta shekara biyu ko uku ya sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da bututun. Kuskure ne babba a kai ta wurin mai faci ya hura ta da injin ba taya iska, gama ƙarfin iskar yana juya fanka fiye da kima har ta lalace, kuma iskar injin takan zo da danshi.

Sauran kulawar tana hannun mai ita. Ɗalibai da yawa suna ɗora ta a kan katifa ko matashi ko darduma, alhali kuwa waɗannan suna toshe ƙofofin shan iska. Tebur ya fi, ko allon katako, ko faranti mai faɗi, a ɗan ɗaga bayanta da wani abu domin iska ta ratsa. Aiki mai nauyi a bar shi sai da safe ko bayan isha'i. In an gama a rufe ta, a bari ta huce, a sa ta cikin jaka. Kada kuma a bar ta cikin mota a rana, inda zafi yakan kai digiri 60.

Batir Da Caja

Batirin da ke cikin kwamfutocin yanzu irin na litiyam ne, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Abu biyu ke gaggauta tsufansa: zafi, da barinsa a cike maƙil ko a ƙare ƙaf na dogon lokaci. Ya fi daɗewa in ana riƙe cajinsa tsakanin kashi 20 da 80 cikin 100, kuma na'urori da yawa suna da wurin da ake umartar su su tsaya a kashi 80. Gaskiya ne a garin da wuta ke zuwa jefi-jefi mutum ba ya ƙin cika batirinsa in ya samu dama, kuma babu laifi a cikin haka. Abin gudu shi ne a tatse shi har na'ura ta mutu, sa'an nan a jefa ta cikin akwati a tafi hutun makaranta. In za a ajiye ta na makonni, a bar cajin a rabi.

Wanda ya ga madannan rubutu sun tasa, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, to batir ne ya kumbura. Lalle ne ya daina caji nan take, ya kai a cire shi. Ba a huda shi, ba a danne shi, ba a kuwa jefa shi cikin bola inda ake ƙona shara, domin yana kama wuta.

Game da caja, ta ainihi tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka raunin wuta bai cika damunta ba. Abin da ke kashe ta shi ne bugun da wuta ke yi sa'ad da aka maido da ita. Dabarar ita ce, da zarar an ɗauke wuta a zare caja daga bango, in an kawo a dakata 'yan mintoci. Haka nan ga janareta: a bari ya daidaita kafin a jona, a kuma zare kafin a kashe shi ko mansa ya ƙare. Da damina, in hadari ya taso ana walƙiya, a cire komai daga bango. Wanda ke da sola ya huta da yawancin waɗannan, gama kwamfuta irin ta ofis ba ta cin fiye da wat 45 zuwa 65, sai dai in ya ji caja tana ƙara ko tana zafi ƙwarai, ya binciki inbatarsa.

In caja ta mutu, a duba rubutun da ke jikinta kafin a sayi wata. Adadin bolt da take fitarwa, wanda galibi 19 ne ko 19.5 ko 20, tilas ya dace da na tsohuwar, ƙarfinta kuma kada ya gaza. Cajar jabu tana da arha, ba ta da nauyi a hannu, amma araha ba ta ado: sau da yawa ita ke ƙona allon cikin na'ura, wanda gyaransa yakan kusa kuɗin sayen wata.

Abin Da Ke Ciki Ya Fi Na'urar Tsada

Kwamfuta ana iya sayen wata ko da bashi ne. Kundin bincike na wata shida, ko jerin albashin ma'aikata, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, in suka salwanta babu kasuwar da ake sayar da su. Tsofaffin na'urori suna ajiye bayanai ne a kan wani faifai mai juyawa sau 5,400 cikin minti guda, da wata allura tana shawagi a bisansa. Girgiza kaɗan sa'ad da yake juyawa ta isa ta kassara shi. Don haka wanda zai hau kabu-kabu a hanya mai gargada ya tabbata ya kashe ta ɗungurungum, rufe murfi kawai bai wadatar ba. Sabuwar ma'adana da ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi, ta fi jure wahala, ta fi sauri, kuma ana iya sa ta a yawancin tsofaffin na'urori. Ita ma dai takan mutu, kuma ba ta yin sallama.

Maganin abin shi ne kwafi. Wasu sun dogara ga ajiya a intanet, kamar Google Drive ko aika wa kai da imel, kuma dabara ce mai kyau. Amma mutanen Zamfara sun ga iyakarta. A farkon Satumba na 2021 aka rufe layukan waya da intanet a duk faɗin jihar bisa dalilin tsaro. An maido wa Gusau a farkon Oktoba, ƙananan hukumomi da dama kuwa sun haura wata biyu a rufe. Duk wanda ajiyarsa ke intanet kaɗai, a lokacin nan ba shi da hanyar kai wa gare ta. Saboda haka ya kamata aiki mai muhimmanci ya kasance a wuri uku: cikin kwamfutar, da filash ko faifan waje, da kuma intanet. Filash ɗin kada ya zauna cikin jaka ɗaya da kwamfutar, domin ɓarawo da gobara da ruwan sama ba sa zaɓe. A tsai da rana guda a mako ta yin kwafi, ɗalibi mai rubuta kundi kuwa ya yi kullum kafin ya kwanta.

Filash ɗin nan kuma shi ne babbar hanyar da cutar kwamfuta ke bi. Wanda aka kai shagon buga takardu ya shiga na'urar da mutum ɗari suka jona nasu, ba mamaki ya komo da abin da zai ɓoye fayiloli ko ya lalata su. A ware filash guda na zuwa shago, dabam da na ajiya, a kuma riƙa bincika shi kafin a buɗe. Manhajar tsaro da ke zuwa tare da Windows ta isa, muddin ana jona ta da intanet lokaci-lokaci ta sabunta kanta. Masu Windows 10 su sani cewa kamfanin Microsoft ya daina aiko mata da gyaran tsaro na kowa da kowa tun ran 14 ga Oktoba, 2025, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Wanda zai sayi ta hannu ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, ya kuma zare caja ya ga tsawon lokacin da batir zai riƙe tun yana gaban mai shago.

Amanar Kayan Gwamnati

Akwai wani nauyi na musamman a kan ma'aikaci. Kwamfutar ofis tana ɗauke da sunayen mutane da lambobin asusunsu da bayanan lafiyarsu, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan hukumar da ta tattara. Bai dace a bar ta babu kalmar sirri ba, ko a kai ta gida yara su kalli fim, ko a miƙa ta ga mai gyara ba tare da an kwashe abin da ke ciki ba. In ma'aikaci ya sami canjin wurin aiki, ya miƙa ta tare da cajarta da kalmar sirrinta a rubuce, yadda ake miƙa mabuɗin kabad.

Kofin shayi da ledar ruwa su ma su yi nesa da ita. In tsautsayi ya sa ruwa ya zuba, a kashe ta nan da nan, a zare caja, a kife ta a buɗe a inuwa, kada a gwada kunnawa sai wanda ya san aiki ya duba. Shanya ta a rana yana ƙara ɓarna, tura ta cikin buhun shinkafa kuwa ba ya tsotse ruwan da ya shige ciki, ko da shinkafar Shinkafi ce.

Duk waɗannan dokoki, in aka ɗebe sayen filash da kuɗin shara sau ɗaya ko biyu a shekara, ba sa cin ko kwabo. Shugabannin ofisoshi da na makarantu za su kyauta in suka sa sharar kwamfutoci cikin jadawalin aikinsu na watan Maris, suka kuma tilasta yin kwafin bayanai kowane mako. Na'urar da aka kula da ita haka tana iya kai ɗalibi daga shekararsa ta farko har ya karɓi babbar difloma, ta kuma bi shi zuwa wurin bautar ƙasa.