Daga Nima Zuwa Bakin Teku: Tafiyar Tanti da Kwale-kwale a Gaɓar Ghana

Tsakanin kasuwar Nima da ke Accra da bakin teku 'yan kilomitoci ne kawai, tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota idan hanya babu cunkoso. Duk da haka, akwai wanda aka haifa a Maamobi, ya yi karatun allo da na boko a nan, ya yi aure ya hayayyafa, amma bai taɓa sa ƙafa cikin kwale-kwalen masunta ba. A wurin yawancin mutanen Zango, teku wurin yawon Sallah ne: samari su je bakin tekun La su sha iska, su ɗauki hoto, su komo gida. Hankalinmu arewa ya karkata, wajen Kumasi da Tamale da Salaga, da Kano da Yamai da Wagadugu inda kakanni suka fito. Kifin da ke cikin miyarmu da shitonmu kuwa, kuɗinsa a kasuwa muka sani, ba mu san wahalar da aka sha kafin ya iso ba.

Wannan juya baya asara ce. Ghana tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 550, daga Aflao a kan iyakar Togo zuwa iyakar Kodebuwa, kuma babbar hanyar N1 tana bin ta kusan daga farko har ƙarshe. Iyali ko ƙungiyar matasa da suka yi karo-karo suka ɗauki hayar bas, suka ɗaure tanti da tabarmi da tukunya, za su iya mayar da dogon hutun makaranta wata makaranta ta daban. A wannan gaɓa akwai tarihinmu, akwai abincinmu, akwai kuma alhakin da ke wuyanmu.

Me ya sa watan Agusta?

Ruwan sama a kudancin Ghana kashi biyu yake zuwa. Babbar damina tana sauka daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Agusta yana tsakani: sama a lumshe, ruwa kaɗan, iska mai sanyi. Babu watan da ya fi shi daɗin kwana a tanti a Accra da kewayenta.

Wannan sanyin daga teku yake tasowa. Daga wajen Yuli zuwa Satumba, ruwan can ƙasa mai sanyi yakan taso ya maye gurbin na sama mai ɗumi, ya zo da sinadaran da ƙananan halittun ruwa ke rayuwa a kai. Su kuma ƙananan kifaye, musamman dangin sadin da ake kira amane a kasuwa, sai su biyo abincin cikin garke. Wannan ita ce kakar masunta, kuma a tsakiyarta Gawa, wato ƙabilar Ga ta Accra, ke bikin Homowo. Sai dai lokacin ne kuma teku ya fi fushi. Igiyar ruwa tana da ƙarfi, kuma akwai jan ruwa na ƙarƙashi da ke fizgar mai iyo daga gaɓa zuwa tsakiya. Wanda iyakar iyonsa kududdufi ko tafkin otal, kada ya gwada ƙwazonsa a nan.

Abu biyu ake tambaya kafin a sa rana. Na farko, Gawa da Fanti ba sa fita su a teku ran Talata. Ranar hutu ce da gyaran taru, kuma baƙo ba ya karya ta. Na biyu, a 2019 gwamnati ta shigo da tsarin rufe wa masu kwale-kwale teku na wata guda don kifi ya samu ya hayayyafa, kuma daga 2021 zuwa 2024 watan Yuli aka riƙa hana masu kwale-kwale fita. Sanarwar shekara tana iya bambanta da ta bara, saboda haka a bincika.

Gabas: inda Volta ke shiga teku

Mai fara wannan irin tafiya ya fara da gabas. Daga Nima a kama babbar hanyar Tema, a wuce Dawhenya da Sege, a karkata dama a mararrabar Kasseh zuwa Ada Foah, tafiyar kimanin kilomita 100. A nan Kogin Volta ke ƙare doguwar tafiyarsa daga Burkina Faso. Wani siririn tudun rairayi mai bishiyoyin kwakwa ya raba kogin da teku: ɓangare ɗaya ruwa a kwance lamui, ɗaya ɓangaren igiya tana ruri dare da rana. A kan wannan tudu akwai sansanonin baƙi da ake kaiwa da jirgin ruwa, inda ake kama bukka ko a biya kuɗin fili a kafa tanti.

Kafa tanti a bakin teku yana da ƙa'ida. Ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a yini, don haka a duba layin da tarkace da ciyawar ruwa suka tsaya a kan rairayi, a ja baya sosai daga gare shi. Turakun ƙarfe ba sa kama yashi; a cika buhu da rairayi a ɗaure igiya a jiki. Kada a kwanta a ƙarƙashin kwakwa mai 'ya'ya. A zo da gidan sauro da ruwan sha mai yawa. Salla kuwa ba ta da wuya: teku yana kudu, alƙibla tana gabas mai ɗan karkata arewa, saboda haka mai salla zai bar teku a damansa. Tafiyar da ta wuce kimanin kilomita 80 ta kai nisan kasaru a wurin malaman Malikiyya, kuma a mazhabar abin da ya fito daga teku halal ne, har kaguwa da jatan lande.

Ada ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Gishirin tafkin Songor da ke yamma da garin, da kwale-kwale ake haurawa da shi Volta zuwa Kete Krachi da kasuwannin arewa, inda fatake Hausawa ke saye. A Kete Krachi ɗin ne shahararren malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. A Ada kuma Kyaftin John Glover ya tara rundunarsa a 1873 don yaƙin Ashanti, da sojojin Hausa da ya kawo daga Legas. Da yawa daga cikin irin waɗannan sojoji, bayan sun ajiye kaki, sun zauna a garuruwan gaɓa, suka zama wani tushe na zangunan kudu. Yaron Nima da ya tsaya a bakin wannan kogi yana tsaye ne a kan hanyar da kakanninsa suka bi.

Zai kuma ga yadda teku ke cin ƙasa. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, yashin da kogi ke kawowa gaɓa ya ragu ƙwarai. Ganuwar Kongenstein da Turawan Denmak suka gina a Ada a 1783, ruwa ya cinye mafi yawanta, kuma can gabas a Keta unguwanni sukutum sun nutse kafin a yi shingen duwatsu.

Cikin kwale-kwale

Da ɗan gari akan ci gari. Kowace tashar masunta tana da shugaba, kwatankwacin sarkin ruwa a ƙasar Hausa: Fanti suna ce masa apofohene, Gawa kuma woleiatse. Ta wurinsa ake neman izini, shi zai haɗa baƙo da matuƙin da ya san ruwa. A yi ciniki a gama tun a tudu, a san wanda zai sayi mai, a san na wane ne kifin da aka kama. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne rigar ceto ga kowane mutum. In babu, a fasa.

Kwale-kwalen Ghana abin kallo ne. Gindinsa gungumen bishiyar wawa ne guda ɗaya, ana sassaƙa shi a dajin cikin ƙasa, a kawo shi gaɓa a kan babbar mota, kafintoci su ɗora masa katako a gefe, masu zane su ƙawata shi da tutoci da kalaman hikima. Injin da ake maƙalawa a gefensa ya fara yaɗuwa ne tun wajen ƙarshen shekarun 1950, kuma gwamnati tana sayar wa masunta gaurayayyen mai a kan rangwame. Irin waɗannan jirage sun haura 10,000 a faɗin gaɓar.

Ga yara da dattawa, fatsa a cikin kogi ta wadatar. A fita da asuba bayan salla, a kashe inji kusa da wani tsibiri, a sa tana ko guntun jatan lande a ƙugiya, a saki zare, a jira. Karfasa da tarwaɗa suna nan, kuma kusa da baki, inda ruwan daɗi ke garwaya da na gishiri, akan dace da barakuda mai kaifin haƙori. Fatsa tana koyar da abin da waya ta ƙwace wa yaranmu: zama shiru, lura da motsin zare a yatsa, da haƙuri da ranar da aka dawo hannu wofi. Mashigar kogin kanta, wajen ƙauyen Azizanya, wuri ne mai haɗari inda ruwa biyu ke karo. Ƙwararru kaɗai ke ƙetare ta.

Wanda ba ya son shiga jirgi ma yana da rabo. A ƙauyukan gabas ana jan dogon taru daga tudu, mutane jere a kan igiya biyu suna waƙa suna ja har tsawon sa'o'i. Baƙon da ya kama igiya ba a korarsa, kuma akan ba shi ɗan na miya.

Yamma: Elmina da abin da ya rage a teku

Kashi na biyu na tafiyar ya bi yamma, ta Kasoa da Winneba da Apam da Saltpond, zuwa Cape Coast, wadda ita ce hedikwatar mulkin Ingilishi kafin a mayar da ita Accra a 1877. Gaba kaɗan sai Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482. A kai yara su shiga kurkukun bayi na ganuwoyin Cape Coast da Elmina, a gaya musu gaskiya: da yawa daga waɗanda aka fitar ta ƙofofin nan mutanen arewa ne, aka koro su ta kasuwannin cikin ƙasa. A gaya musu kuma cewa tekun nan ya ɗauki arzikinmu. Bayan faɗuwar kasuwar Salaga, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin fataken da suka yi wannan safara daga Accra da Sekondi a farkon ƙarni na 20.

A ƙarƙashin ganuwar Elmina, tafkin Benya cike yake da kwale-kwale, kuma da sassafe kasuwar kifi tana tafasa. Mata ne ke riƙe da cinikin. Su ke sa farashi, su ke ba matuƙa bashin mai, su ke banda. Murhun da suke jera farantan waya a kai, a unguwar Chorkor ta Accra aka ƙirƙiro shi a 1969, da haɗin gwiwar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken abinci ta Ghana da matan unguwar, ya kuma bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama.

Amma duk wanda ya zauna da masuntan zai ji kuka ɗaya: kifi ya ja baya. Jirage sun yi yawa, wasu suna su da fitila da taru mai ƙananan idanu. An kuma yi fama da saiko, wato manyan jiragen kamfanoni su kwashe ƙananan kifayen da ke rabon talaka, su daskarar, su sayar wa wasu kwale-kwale a tsakiyar teku ba bisa doka ba. Wani bincike na ƙungiyoyin EJF da Hen Mpoano ya ƙiyasta cewa kimanin tan 100,000 aka sauke ta wannan hanya a 2017 kaɗai. A 2021 Tarayyar Turai ta sake yi wa Ghana gargaɗi kan su na haram. A ƙasar da kifi ke ba da wajen kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da ake samu daga dabbobi, wannan magana ce ta tukunyar kowane gida, har da na mai sayar da waakye a Maamobi.

Namu alhakin

Akwai ɓarnar da ba jiragen waje suka yi ba. Idan aka janyo taru a gaɓar Accra, leda da robar ruwa sukan cika shi tare da kifi. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi tana zuba a Kogin Odaw, Odaw ya zuba a tafkin Korle, Korle ya amayar a teku kusa da Jamestown. Abin da aka jefa a kwata da daddare, wani masunci ne zai tsince shi a tarunsa. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobara a dandalin Kwame Nkrumah suka halaka sama da mutum 150, kuma toshewar magudanai tana cikin abin da ya tsananta bala'in. Limamai sun daɗe suna huɗuba kan tsabta, amma gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya ya taya masunci fitar da leda daga taru da hannunsa, da wuya ya koma gida ya zubar da shara a kwata.

Saboda haka kira nake ga makarantun Islamiyya, da ƙungiyoyin matasa, da sarakunan Zango, su sa wannan tafiya cikin tsarin shekara kamar yadda ake sa musabaƙa da gasar ƙwallo. A tafi da 'yan mata kamar yadda ake tafiya da samari, tare da malamai mata da tantinsu daban. A sayi kifi kai tsaye daga hannun masu shi, a mayar da ƙanana ruwa, a kwashe sharar da aka tara har da wadda aka tarar. Kafin tafiya a koya wa yara iyo a hannun wanda ya iya. Kwana uku a Ada bana, kwana huɗu a yamma baɗi, cikin 'yan shekaru za a samu tsarar 'yan Zango da suka san sunayen kifaye da lokutansu, suka san sarakunan masunta fuska da fuska, kuma suke da bakin magana a duk inda ake shawarar makomar tekun Ghana.