Kafin Ka Fara Kodin: Yadda Ake Zanen Gwaji Na Manhajar Yanar Gizo

Yau darasinmu a kan zanen gwaji ne, wato hoton yadda manhajarka za ta kasance kafin ka rubuta layin kod ko ɗaya. Magini ba ya ɗora bulo sai ya shata fili, haka mai gina manhaja.

Mu ɗauka kana Daura, kana son haɗa manhajar da za ta nuna farashin dabbobi da hatsi a kasuwar Mai'adua, domin mutumin Baure ko Zango ya san kuɗin rago kafin ya biya kuɗin mota. Idan ka faɗa kodin kai tsaye, za ka iya ƙona wata uku da kuɗin data, daga baya ka tarar dillali bai gane inda zai danna ba.

Da farko, rubuta aiki ɗaya tak da manhajar za ta yi: duba farashin yau. Hira da tura kuɗi su jira tukuna.

Sai ka ɗauko takarda da biro, ka zana akwati uku daidai girman fuskar wayarka. Na farko jerin kaya: rago, sa, gero, wake. Na biyu farashi da ranar da aka sa shi. Na uku wurin da dillali zai shigar da sabon farashi. Kada ka damu da kala ko tambari. Jack Dorsey ma a takarda ya fara zana tunaninsa tun shekarar 2000, kafin Twitter ta fito a 2006.

Yi maɓallai manya, ka sa hoton rago kusa da kalmar rago, saboda ba kowane ɗan kasuwa ke karanta boko ba. Ka rage hotuna masu nauyi, don sabis na ƙauye ba kamar na cikin gari ba ne.

Daga nan kai takardar wurin masu amfani. Ka ce wa dillali, "Baba, nuna min inda za ka taɓa ka ga kuɗin gero," sai ka yi shiru. Duk inda yatsansa ya tsaya yana lalube, nan gyara yake. Masanin nan Jakob Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum 5 kan fito da mafi yawan matsalolin zane.

Idan takarda ta zauna, sai ka mayar da ita Figma. Tana da tsarin kyauta, amma zanen sai a kwamfuta, manhajarta ta waya ta dubawa ce. Wanda ba shi da kwamfuta, Canva za ta yi masa a waya.

Gyara a takarda minti biyu ne, a kod kuwa yana iya cin mako. A darasi na gaba za mu ga yadda ake haɗa shafukan nan uku su riƙa buɗewa idan an taɓa.