Farfaɗiya Daga Haihuwa Zuwa Tsufa: Abin da Likitoci Suka Gano da Nauyin da Ke Kan Ikkilisiya

Da wuya a sami ikkilisiya a ƙasarmu wadda ba ta da mai farfaɗiya, ko da jama'a ba su san shi ba. Iyaye sukan ɓoye zancen don kada a guji ɗansu, ko don kada 'yarsu ta rasa mijin aure. Wani yaron an cire shi daga makaranta, wata uwar ta daina zuwa sujada don tsoron kada ta faɗi a gaban mutane. Duk wannan wahala tana kan ciwon da yake da magani. Shi ya sa ya kamata mu san abin da binciken likitoci ya gano, domin mu san yadda za mu tsaya tare da waɗannan 'yan'uwa namu.

Mene ne farfaɗiya?

Ƙwaƙwalwar mutum tana aiki da ƙananan saƙonni na lantarki waɗanda ke wucewa daga wannan jijiya zuwa waccan. Da su muke gani, muke magana, muke ɗaga hannu. Idan jijiyoyi masu yawa suka saki saƙonsu gaba ɗaya, ba bisa tsari ba, aikin ƙwaƙwalwa yakan rikice na ɗan lokaci. Wannan rikicewar ce muke gani sa'ad da mutum ya faɗi, jikinsa ya sandare, ya yi ta jijjiga, kumfa tana fita daga bakinsa. Wani kuma ba ya faɗuwa sam. Sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, ko ya yi ta tauna baki, ko hannu ɗaya kawai ya yi ta rawa. Likitoci sukan ce mutum yana da farfaɗiya idan abin ya same shi sau biyu ko fiye, ba tare da wani dalili na nan take ba, kamar zazzaɓi mai zafi.

An daɗe ana neman gane wannan ciwo. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, likitocin Girka sun rubuta cewa tushensa yana cikin ƙwaƙwalwa. A shekarun 1870 wani likita a Landan, John Hughlings Jackson, ya bayyana cewa faɗuwar tana zuwa ne daga jijiyoyin da suka saki ƙarfinsu farat ɗaya fiye da kima. A 1929 Hans Berger na Jamus ya buga sakamakon aikinsa a kan na'urar da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa, irin wadda ake amfani da ita a manyan asibitoci har yau. Magani ma ya daɗe da samuwa: an fara ba masu farfaɗiya fenobabiton a 1912, fenitoyin kuma a 1938.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu kuwa suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. Ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan an gane ciwon, aka ba su maganin da ya dace. Abin baƙin ciki, a ƙasashen talakawa mutum uku cikin huɗu ba sa samun wannan magani.

Lokacin haihuwa da yarantaka

Da yawa daga cikin masu farfaɗiya sun same ta ne tun ranar da aka haife su. Idan naƙuda ta yi tsawo, jariri ya rasa isasshiyar iska, ƙwaƙwalwarsa takan sami rauni, raunin kuma ya bar tabo. Daga wannan tabo ne faɗuwa takan taso bayan watanni ko shekaru. Haka kuma zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau wanda ke yawan zuwa mana lokacin zafi. Binciken da aka yi a Kilifi ta ƙasar Kenya ya nuna cewa kusan yaro ɗaya cikin goma da suka tsira daga zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ya kamu da farfaɗiya daga baya.

A nan Najeriya, Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bi gida gida suna ƙirga masu wannan ciwo a shekarun 1980. A garin Igbo-Ora sun sami kusan mutum 5 cikin 1,000. A Aiyete, wadda ba ta da nisa da can, sun sami 37 cikin 1,000. Mutanen yanki ɗaya ne, masu yare ɗaya. Babban bambancin da aka lura da shi shi ne Igbo-Ora ta daɗe da samun aikin kiwon lafiya mai kyau, da awon ciki da allurar rigakafi. Darasin a fili yake: awon ciki, haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma, gidan sauro da rigakafi suna tare farfaɗiya tun kafin ta shigo gida.

Sai a lura da abu ɗaya. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 yana iya yin jijjiga saboda zafin jiki, kuma yawancin irin waɗannan yara ba sa zama masu farfaɗiya. Duk da haka a kai shi asibiti ranar nan, domin a tabbatar ba sanƙarau ba ne ko zazzaɓi mai tsanani.

Samartaka da wurin neman abinci

Sa'ad da mutum ya girma, hatsarin yakan koma wurin aikinsa. Ɗan acaɓa da ya faɗi ya bugi kai a kwalta, magini da ya faɗo daga saman gini, mai haƙar ma'adinai da dutse ya faɗo masa, kowannensu yana iya fara faɗuwa bayan raunin waje ya warke. Hular kwano ba ado ba ce. Wani abin kuma shi ne tiramadol da wasu matasa ke sha don su jure aikin gona ko dako. Wannan ƙwaya tana jawo faɗuwa, musamman idan an sha da yawa. Mai shan giya sosai shi ma yana iya faɗuwa idan ya yanke ta farat ɗaya, saboda haka wanda ya tuba daga shaye-shaye yana bukatar likita ya taimake shi a kwanakin farko.

Aikin uba yana iya taɓa ƙwaƙwalwar 'ya'yansa. A 2010, a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ƙurar dalma ta kashe yara wajen 400, da yawansu da jijjiga, waɗansu da suka tsira kuma suka rage da lahani a ƙwaƙwalwa. Masu haƙar ma'adinai a cikinmu su bar dutse da kayan aiki a wurin aiki, su yi wanka su sake tufafi kafin su ɗauki yaro.

Akwai wata hanya da ta shafi garuruwanmu inda ake kiwon aladu. Wanda ya ci naman alade mai ƙwayar tsutsa, wanda bai dahu sosai ba, yakan sami doguwar tsutsa a hanjinsa. Ƙwayayen tsutsar suna fita cikin bayan gidansa. Idan suka shiga ruwan sha, ko ganye, ko hannun da ba a wanke ba, wani ya haɗiye su, suna iya kaiwa ƙwaƙwalwa su yi ƙunshi a can. Saboda haka ko wanda bai taɓa cin naman alade ba yana iya kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da tsutsar ta yi yawa, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Maganin abin yana hannunmu: a yi masai, a killace aladu kada su yi yawo, a dafa nama ya dahu, a wanke hannu da sabulu.

Aure, ciki da tsufa

Mai farfaɗiya yana iya yin aure ya haifi 'ya'ya, kuma yawancin 'ya'yan ba sa gādon ciwon. Amma mace mai shan magani ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki. Maganin da ake kira balfurowet yana iya yi wa ɗan tayi lahani, wajen jariri ɗaya cikin goma, don haka likita yakan nemi wani a madadinsa. Waɗansu magungunan kuma, kamar kabamazafin da fenobabiton, suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Kada mai ciki ta bar magani da kanta, gama faɗuwa mai ƙarfi hatsari ce gare ta da abin da ke cikinta.

A wurin tsofaffi, babban sanadi shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa. Idan Baba ko Mama sun fara faɗuwa ko ɗaukewar hankali bayan shekara 60, a kai su asibiti. Kada a fara neman wanda ya yi musu sammu, kada kuma a ɗora musu sunan maita.

Bincike ya kuma nuna cewa ciwon damuwa da fargaba sun fi yawa a cikin masu farfaɗiya. Wani ɓangare daga ƙwaƙwalwar ne, wani kuma daga yadda muke gudunsu. Yaron da ya koma baya a karatu ko ya cika ƙiriniya, wataƙila ciwon ne ko maganin. A gaya wa likita kafin a ɗauki bulala.

Idan wani ya faɗi a gabanka

Ka kwantar da hankalinka, ka duba agogo. Ka janye wuta, ruwan zafi da kujeru daga kusa da shi. Ka sa masa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, ka sassauta wuyan rigarsa. Da zarar jijjigar ta lafa, ka juya shi ya kwanta ta gefe domin yawu ya zubo waje. Kada ka danne shi. Kada ka cusa masa cokali ko tsinke a baki, mutum ba ya haɗiye harshensa. Kada ka ɗura masa ruwa, manja ko man shafawa, gama suna iya shiga huhu. Kada a kai ƙafarsa wuta, kada a yi masa turare. Yawunsa ba ya ɗauke da ciwon, taɓa shi ba ya sa ka kamu.

A garzaya asibiti idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, ko wannan ne karo na farko, ko mai ciki ce, ko ya ji rauni, ko a cikin ruwa ya faɗi. Idan ya farfaɗo, a rufa masa asiri, a kori 'yan kallo, a zauna da shi har hankalinsa ya dawo.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya mana?

Da yawa sukan tuna da yaron nan na Markus sura 9, wanda Ubangiji ya fitar masa da baƙin aljani, sai su ɗauka duk mai faɗuwa haka yake. Mun gaskata abin da aka rubuta game da wannan yaro. Amma a Matiyu 4:24, inda aka jera waɗanda aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Nassi da kansa bai zuba su a kwando ɗaya ba. A Yohanna sura 9 kuma Ubangiji ya ƙi yarda a ɗora makantar wani a kan zunubinsa ko na iyayensa. A labarin Markus ɗin ma, ku lura cewa ya kama hannun yaron ya tashe shi. Bai tsaya nesa ba. Luka kuwa, wanda ya rubuta mana Bishara, likita ne.

Nauyin da ke kanmu

Mafi muhimmanci shi ne wannan: kada fasto, mai bishara ko shugaban addu'a ya ce wa kowa ya zubar da magani don ya nuna bangaskiya. Yanke magani farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa a jere wadda ba ta tsayawa, kuma tana kisa. Likita ne kaɗai yake rage magani, a hankali, galibi bayan mutum ya yi aƙalla shekara 2 bai faɗi ba. Mu yi addu'a, mu kuma tambayi ɗan'uwan ko ya sha ƙwayarsa ta yau.

Rashin barci da tsallake magani suna tayar da ciwon. Saboda haka a lokacin azumi ko addu'ar kwana, a sanar a fili cewa mai shan magani ya ci gaba da sha, ya kuma koma gida ya yi barci ba tare da jin kunya ba. Zumuntar mata da ta matasa suna iya ɗaukar nauyin kuɗin maganin wanda ba shi da hali, gama magani ne na kowace rana, ba na mako ɗaya ba. Malaman makarantar Lahadi da masu tsaron ƙofa su koyi taimakon farko. Dattawa su taimaki wanda ciwonsa bai lafa ba tukuna ya bar tuƙi, hawan bishiya, kamun kifi shi kaɗai da girki a buɗaɗɗiyar wuta, su kuma nema masa wata sana'ar, kada a bar shi zaune. Wanda asibitin kusa ya kāsa, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Mai farfaɗiya gaɓa ne na jikin Almasihu kamar kowannenmu. Yana da wurinsa a ƙungiyar mawaƙa, a aji, a teburin Jibin Ubangiji. Ranar Lahadi mai zuwa, ku duba wanda ya daɗe bai zo ba, ku je gidansa ku gaishe shi. Ubangiji ya ba mu hikima da zuciyar tausayi. Amin.