Gargaɗi Ga Masu Kwamfuta A Gida: A Kwashe Kaya Kafin A Nemi Mai Gyara

Jama'a, duk wanda kwamfutarsa ta fara tsayawa cak ana tsakiyar aiki, linzami ya ƙi motsi, ko ta mutu ta tashi da kanta, ko allo ya rikiɗe shuɗi, to yau ɗin nan ya kwafe kayansa. Hotunan biki da na suna, takardun fili, lissafin shago, kundin digirin yaro, duk a zuba su a filash ko rumbun waje, ko a Google Drive da ke ba da gigabait 15 kyauta. Maganar gyara ta biyo baya.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne rumbun ajiya. Tsohon samfuri faifai ne a cikinsa, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wata 'yar allura na shawagi a kansa. Idan ya kusa mutuwa, kwamfuta takan daskare duk lokacin da ta zo karanta wurin da ya lalace. Ku kara kunne. In kun ji ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi. Sabon samfuri kuwa, SSD, ba ya ko tari, rana ɗaya sai a wayi gari babu shi. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar rumbu: rawaya kashedi ne, ja kuma a yi ta kansa.

Kada ku yarda da "sai an yi mata fomat" tun ba a duba komai ba. Na ga wani maƙwabcina ya dawo daga shagon gyara da kwamfuta fes, tana tashi kamar sabuwa, amma hotunan mahaifiyarsa marigayiya sun tafi. Bayan mako biyu ta koma daskarewa, domin tun asali ciwon ba a manhaja yake ba.

Sau da yawa zafi ne. Ƙurar hunturu takan taru a bakin fanka ta dunƙule kamar auduga, sai bazara ta zo ta tarar da kwamfuta ba ta numfashi. Ga kuma ɗabi'armu ta ɗora laftof a kan katifa ko matashi, ramukan iskar duk a toshe. Idan furosesa ta doshi digiri 100 takan rage gudu da kanta, in abin ya ci tura ta kashe kwamfutar don kada ta ƙone. Fanka na ihu, ƙasan na ƙona cinya, ta mutu ana cikin kallon bidiyo? A kashe, a zare waya daga bango, a hure ƙurar, a kuma sa a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, don yana bushewa.

Batir da ya kumbura kuwa ba ya jiran gobe. Idan wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa, a daina caji nan take. Kada a danna shi, kada a huda shi, kada a jefa shi bola inda ake cinna wuta. Gobara yake tayarwa.

Sai wutar lantarki. Ɗaukewa da kawowa, da hawa da saukar janareta, suna lalata fayilolin Windows, suna kuma kashe akwatin wutar kwamfutar tebur. Mai irin wannan kwamfuta ya nemi UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke.

In allo ya yi shuɗi, ko baƙi a sabuwar Windows 11, ku ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace, domin sunan matsalar na rubuce a ƙasa. MEMORY_MANAGEMENT, alal misali, yakan nuna matsalar RAM, kuma rubuta mdsched a wurin bincike zai gwada ta. Danna Ctrl da Shift da Esc tare yana nuna manhajar da ke cinye ƙarfin kwamfuta. Manhajojin sata da ake loda wa mutane a kasuwa, da riga-kafin bairos guda biyu a kwamfuta ɗaya, su ma suna haddasa daskarewa. Masu Windows 10 kuma su sani Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025.

Hattara da saƙon da ke cika allo yana cewa kwamfutarku ta kamu, ku kira lamba kaza. 'Yan damfara ne. Saƙon kuskure na gaskiya daga Microsoft ba ya ɗauke da lambar waya.

Ranar kai kwamfuta gyara, ku fita daga imel da asusun banki tukuna, ku gaya wa mai gyara a gaban shaida cewa kada ya goge komai sai da izininku. In ya canza rumbu, ku karɓi tsohon ku taho da shi gida.