Rabon Ruwan Noman Rani: Yadda Ƙungiyarku Za Ta Kauce Wa Rikici

Ɗan'uwa manomi, idan ka taɓa kwana a bakin magudana kana gadin ruwa don kada na sama da kai ya tare, to ka san rigimar ruwa ba ƙaramar aba ba ce. Amma ka taɓa tambayar kanka mutum nawa ne ke jiran ruwan nan?

Ɗauki dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Shi ke shayar da gonakin Kadawa, Kura da Garun Malam. Kogin da ake sako masa ruwan ne kuma ake ɗiba a matatar Tamburawa a tura cikin birni. Ke nan magidancin Mandawari da ke jiran famfo, in bai zo ba ya kira mai garuwa, shi ma yana da rabo a ciki. Ragowar ta haɗu da ruwan Challawa, wanda aka yi wa dam a 1992, ta gangara Haɗeja da Nguru.

Mutanen can ƙasa sun ɗanɗana kuɗarsu. Da dam-dam suka sauya yanayin ambaliyar shekara-shekara, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu gonaki suka nutse, wasu fadamu suka bushe, manomi da makiyayi da masunci suka koma gogayya a kan ɗan abin da ya rage. Wannan ne ya sa jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno, suka zauna a Damaturu a 2006 suka amince da tsarin kula da kogin tare.

Abin da jihohi suka yi, ƙungiyarku ma za ta iya yi a kan magudanarta.

Da farko, ku zauna tun kafin a fara shuka, ba sai tumatir ya fara yaushi ba. Ku gayyato kowa: na farkon magudana, na ƙarshe, mata masu gona, masu haya, arɗon Fulani, da sarkin ruwa in akwai masunta. Wanda ba a yi shawara da shi ba, shi ne zai fasa magudana da dare.

Na biyu, ku rubuta ranakun kowa da awanninsa, a karanta a gaban mai unguwa ko dagaci. Ku fara ba na ƙarshe ruwa, domin shi ne kullum ake bari da ƙishirwa.

Na uku, ku sa ranar aikin gayya don yashe magudana da cire ciyawa. Sau da yawa ruwan da ake zargin maƙwabci ya sace, laka da ɓaraka ne suka shanye shi.

Na huɗu, ku bar wa dabbobi burtali da mashaya. Saniyar da ta rasa hanyar ruwa, ta gona za ta bi.

Na biyar, kuɗin ruwa da tara su shiga littafi, ma'aji ya riƙa karanta lissafi a taro. Ƙorafi a kan sakin ruwa kuwa, ku kai wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da sunan ƙungiya, a rubuce. Murya ɗaya ba ta kai ta mutum ɗari ba.

Kafin ranin bana ya kama, ku kira wannan zama.