Daidaiton Auna Wuri da Tauraron Ɗan'adam: Daga Fagen Fama zuwa Gonakin Kura da Bunkure

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana abin da ake nufi da daidaito na dangantaka, wato auna wuri ta hanyar jingina shi da wani wurin da aka riga aka san matsayinsa. Sojan Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin GPS, suka harba tauraronsa na farko a 1978, tsarin kuma ya kammala a 1995.

2.0 Tushen Kuskure

Taurarin suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200. Na'urar da ke ƙasa tana lissafa lokacin da saƙon taurari huɗu ko fiye ya ɗauka kafin ya iso gare ta. Sai dai saƙon yakan yi jinkiri a sararin sama, agogon tauraron ma yakan ɗan karkace. Har zuwa watan Mayu na 2000, Amurka da gangan take gurɓata saƙon farar hula, kuskuren ya kai mita 100.

3.0 Auna Wuri Bisa Dangantaka

Hikimar ita ce, na'urori biyu da ke kusa da juna kuskure kusan iri ɗaya suke samu. In aka kafa ɗaya a wurin da aka sani, sai ta gano girman kuskuren, ta aika wa ɗayar ta debe shi. Ta haka ake sauko da shi daga mitoci zuwa 'yan santimitoci. Soja na amfani da wannan dabara wajen saitin makami.

Mu a nan, buƙatarmu ita ce ruwa. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, gangara kawai yake bi zuwa gonakin Kura da Bunkure. Tudun santimita kaɗan a magudana ya isa ya hana manomin ƙarshen layi ruwa, shinkafar na farko kuwa ta nutse. Na'urar wayar hannu ba ta iya gano wannan. Na'urori biyu masu aiki tare suna iyawa.

4.0 Gargaɗi

Tsofaffin taswirorinmu bisa ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa da WGS 84 yake aiki. Wanda ya cakuɗa su zai kauce da gomomin mitoci, ya haddasa rikicin iyakar gona. Haka nan, daidaiton makami bai tabbatar da ingancin abin da aka saita ba. A 1999 bama-baman Amurka sun faɗa daidai inda aka nufa a Belgired, ashe ofishin jakadancin Sin ne. A Disambar 2023, jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi a Tudun Biri, Jihar Kaduna.

5.0 Kammalawa

Muna ba da shawara ga kwalejojinmu su koya wa ɗalibai tambayoyi biyu kafin su amince da kowane adadi: da wane wuri aka jingina shi, kuma wa ya tabbatar da wurin?